Bashin Dodo: Abin da Gatanar Yara Ta Riƙe na Tarihin Adar

Wannan rubutu ya samo asali daga wata gardama da na sha kaye a cikinta. Muna ajin ƙarshe a lise, malaminmu na tarihi ya ce kowa ya kawo abu guda daga garinsu wanda za a iya kafa hujja da shi a kan zamanin da. Wani ya kawo tsohon kuɗin ƙarfe mai huda a tsakiya, wata ta kawo jerin sunayen hakiman garinsu. Ni kuwa na miƙe na ce na kawo gatanar Dodo da mace mai ciki. Aji ya fashe da dariya. Mushe bai yi dariya ba, sai dai ya tambaye ni: a wace shekara Dodon ya yi wannan aiki, kuma wane sarki ke kan gado? Na rasa ta cewa, na koma na zauna.

Shekara uku ke nan abin yana cina. Mushe yana da gaskiya, gatana ba ta da shekara, ba ta da sunan sarki. Amma na ƙi yarda cewa abin da tsofaffin mata suka yi ta faɗa wa yara dare bayan dare, daga Madawa zuwa Buza har Keita, bai ɗauko komai ba daga rayuwar da suka yi. Ga amsar da ban iya bayarwa ba ran nan.

Yadda muka same ta

Ni ɗan kwarin Majiya ne, cikin gundumar Buza. Abin da mutanen Kano ke kira tatsuniya, mu gatana muke ce masa, kuma sunan ya fito daga kalmar buɗewa: mai bayarwa ta ce ga ta nan, ga ta nanku, yara su amsa ta zo mu ji ta. A gidanmu kakata, mahaifiyar babana, ita ce mai gatana. Lokacinta bayan an ci tuwon dare, musamman da kaka in an kai hatsi rumbu kuma akwai farin wata. Ta ce a zamanin ƙuruciyarta da kaɗin auduga ake haɗa ta, hannu na murza mazari, baki na ba da labari, don kada barci ya kwashe ƴan mata kafin abawa ta cika. Da rana kuwa ko ka yi kuka ba za ta yi maka ba. Wai mai gatana da rana ɓata yake a kasuwa. Da na girma na gane dabarar: rana ta aiki ce, yaron da ya zauna sauraren Gizo da hantsi ba zai kai awaki kiwo ba.

Mutanen cikin gatana kowa ya san su. Akwai Gizo mai wayo da haɗama da tsamin baki, wanda ba ya iya cewa sarki sai saiki, da matarsa Koƙi. Akwai Kura, ga ƙarfi ga tsoro ga kwaɗayi. Akwai Zaki sarkin dawa, da Dila malamin daji, da Zomo, da Bunsuru, da Hankaka. A gefen mutane akwai mowa da bora da ɗiyansu, da tsohuwa mai ƙulle-ƙulle, da Auta wanda kowa ke rainawa. Sai kuma Dodo. Ban taɓa jin mutum biyu sun siffanta shi iri ɗaya ba. Kakata ta ce gashi gare shi har ƙasa, yana jin warin mutum daga nesa, yana zama cikin tabki ko kogon dutse. Ku duba ma yadda harshe ke amfani da sunansa: dodon gona, dodon kunne, dodon koɗi. Duk abu ne da ke tsorata ko yake ɓoye a ciki, ba a ganinsa sosai. In an gama sai a rufe da ƙurunƙus kan kusu, a ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar da aka yi.

Ranar da gatana ta hau takarda

Shekarun gatana sun fi na takardar da ta ɗauke ta nesa ba kusa ba, amma mai tarihi da abin da ke hannu yake farawa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ɗaya daga cikin muryoyin farko da aka buga gatanar Hausa daga bakinsu ta wani yaro ce daga ƙasar da ta zama Nijar. Sunansa Dorugu, an haife shi wajen 1840 a yankin Kance cikin Damagaram. Mahara suka kama shi yana yaro, aka kai shi Barno a matsayin bawa. Wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, ya ƴanta shi, bayan rasuwarsa kuma ya bi Heinrich Barth har Tambutu, daga nan zuwa Ingila a 1855. A can wani ɗan mishan mai suna Schön ya zaunar da shi yana rubuta abin da yake faɗa, labarin rayuwarsa da gatanan da ya riƙe. Su ne suka shiga littafin Magana Hausa da aka buga a 1885. Ku tsaya ku yi tunani: yaron da aka raba da uwa da uba, aka ƙetara teku da shi, abin da ya rage masa na gida a ka har da gatanar da ya ji kafin a sace shi.

Bayan Turawa sun ci ƙasa sai tarawa ta ƙaru. Tawagar Tilho, wadda ta shata iyakar Nijar da Najeriya tsakanin 1906 da 1909, tana da tafinta mai suna Landeroin, kuma a 1909 shi da Tilho suka buga littafin nahawun Hausa haɗe da gatana a Faris. A ɓangaren Ingilishi, razdan na Sakkwato, Burdon, ya sa malamai sun rubuta labaru da ajami, Frank Edgar ya juya su zuwa boko ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, daga 1911 zuwa 1913. A 1913 ɗin kuma Tremearne ya fitar da littafi mai gatana ɗari, Rattray ya fitar da nasa wanda wani Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da ake kira Gana yau.

Abu biyu na lura da su game da waɗannan littattafai. Na farko, ba don yaranmu aka yi su ba. An yi su ne galibi don jami'in mulkin mallaka ya koyi harshe kuma ya san halin mutanen da zai mulka. Na biyu, a gida mata ke gatana, amma a takarda maza suka fi yawa: malamai, sojoji, barori, tafintoci. Tsohuwar da ta koya musu ba ta da suna a ko'ina. Kuma mafi yawan abin da aka tara daga kudu yake, Sakkwato da makamantanta. Mu mutanen Adar muna makwabtaka da Sakkwato, bakinmu ya yi kusa da nasu, amma dutsenmu da kwarinmu da yunwarmu namu ne.

Gatanar da na kai aji

Ga ta a taƙaice kamar yadda kakata ke yin ta. Kishiyoyi biyu suka tafi tabki ɗiban ruwa, ɗaya tana da tsohon ciki. Da suka cika tuluna, sai ɗayar ta ɗauki nata ta yi gaba, ta ƙi aza wa mai cikin. Rana ta yi ja, ba kowa. Sai Dodo ya fito daga ruwa. A nan kakata ke sauya murya: "Ke macce, in na aza miki, mi za ki ba ni?" Matar ta ce ba ta da komai. Ya ce abin da ke cikinta ya ishe shi. Ta yarda, don dare ya yi. Ta haifi ɗiya mace, shekaru suka wuce, ta manta. Ranar da za a kai yarinya ɗakin miji, gari ya cika da baƙi, sai ga Dodo a ƙofar gida ya zo karɓar bashi. Uban ya ba shi awaki, ya haɗiye. Ya ba shi shanu, ya haɗiye. Aka buɗe masa rumbuna, ya share. Ya haɗiye makaɗa da ƴan biki da uban da uwar, yana cewa bashinsa bai biya ba. Sai Auta, ƙanen amarya, ya ɓoye aska cikin hannu ya bari aka haɗiye shi, ya tsaga cikin Dodo, gari duka ya fito da rai.

Daga baya na tarar cewa littafin Tremearne na 1913 yana da irin wannan labari na bashin Dodo, sai dai a can wuƙar daga sama take faɗowa. Wannan ya nuna mini labarin ya haura shekara ɗari ana yin sa, kuma kowane gari yana gyara ƙarshensa yadda ya ga dama. To me ya sa ya zauna daram a bakin matan Adar? Na ga abu uku a cikinsa waɗanda tarihinmu ya san su.

Na farko ruwa. Mu ba mu da kogin da ke gudu shekara duka. Majiya da Tarka da koramun Keita bushe suke da rani, amma da damina ruwan da ya sauka kan dutse yakan taho gaba ɗaya, ya tafi da dabba da mutum. Rijiyoyinmu kuma wasu zurfinsu ya isa a ji tsoro. Uwar da ke daka ba za ta iya bin ɗan shekara biyar ko'ina ba, sai ta sa Dodo gadin bakin tabki da bakin rijiya. Ni kaina har na shiga lakwal ban taɓa leƙa rijiya ni kaɗai ba, kuma Dodo ne ya hana ni.

Na biyu abin da ke haɗiye gari sukutum. Wanda ya karanta littafin Djibo Hamani na 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa ya san ƙasar nan ta daɗe tana tsakanin masu ƙarfi. Wajen 1674 Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya ci Adar ya kafa sarautar da zuriyarsa ke riƙe da ita a Illela. A ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, manomin Adar ya zauna tsakanin ikon Sakkwato daga kudu da na manyan Abzinawa, Kel Geres a wajen Madawa da Iwillimmidan daga arewa. Akwai haraji, akwai hari, ana kwashe hatsi da dabba da mutane. Ba banza ba tsofaffin garuruwa da yawa suka rakuɓe jikin dutse, kuma ba banza ba Bahaushe ke da karin maganar ihu bayan hari. Ƙarnin ya rufe da rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone Birnin Ƙonni a 1899 ta kashe mutane masu yawa. Yaron da aka ce masa wani abu yana iya zuwa da rana tsaka ya haɗiye awaki da rumbu da makaɗa, a wancan zamani ba a yi masa ƙarya ba.

Na uku bashi, kuma shi ya fi taɓa ni. Dodon nan bai yi fashi ba. Ya taimaka wa mace a ranar da ba ta da mataimaki, ya sa farashin da ta kasa ƙi, ya jira shekaru. Ku tambayi tsofaffi yadda ake cin bashin hatsi da bazara a biya ninki da kaka, da yadda a shekarun yunwa gona ke tafiya jingina, a aurar da yarinya ga mai rumbu ba don ana so ba. Yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba, da ta 1973 zuwa 1974, da ta 1984 wadda mutane suka laƙaba wa sunan Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, da ta 2005 da wasunmu suka ji a jikinsu suna jarirai, kowace ta bar gidajen da suka yi alkawarin da ya fi ƙarfinsu. Kuma kada mu ce mutum a matsayin abin biya tsohon zance ne. Sai a 2003 dokar Nijar ta sa hukunci a kan bauta. A 2008 kotun CEDEAO da ta zauna a Yamai ta ba Hadijatou Mani gaskiya, matar da aka sayar a 1996 tana da shekara 12 a kan jika 240, a nan jiharmu ta Tawa. Benedetta Rossi, wadda ta yi bincike a yankin Keita, ta buga littafi a 2015 a kan yadda Adar ta taso daga zamanin bauta zuwa zamanin taimakon ƙasashen waje. Duk wanda ya san wannan ba zai ji gatanar ɗiyar da aka yi alkawarinta tun tana ciki ya yi dariya kawai ba.

A nan dole in ja wa kaina birki, kada Mushe ya sake kama ni. Ban ce Dodo shi ne Agabba ko Voulet ba. Labarin dodon da ke haɗiye gari a tsaga cikinsa akwai shi har kudancin Afirka, inda ba su taɓa jin sunan Adar ba. Abin da nake cewa shi ne labari ba ya daɗewa a bakin mutane sai in yana taɓa inda ke yi musu ciwo. Gatana ba za ta gaya maka yaushe abu ya faru ba, amma za ta gaya maka abin da iyaye mata ke tsoro har suka ga ya kamata ɗan shekara shida ya sani. Nicole Echard, wadda ita ma ta buga littafi a 1975 a kan tarihin manoman Adar, da maganar baka ta yi aiki. Jerin sarakuna yana bakin fadawa da maroƙa, abin da ya dami cikin gida kuwa yana bakin tsofaffin mata.

Gizo, Kura da Dorina

Ku ƙirga gatanan Gizo da kuka sani, ku ga nawa ne ke farawa da cewa ana yunwa a gari. Gizo ya gano inda hankaki ke cin ɓaure, Gizo ya yi ƙaryar mutuwa don ya cinye abin sadaka, Gizo ya ɓoye abinci ga Koƙi da ƴaƴansa. Muna dariya, amma hoton magidanci ne da yunwa ta cire wa kunya. Shi ba ya da ƙarfi, ba ya da sarauta, da baki yake cin Zaki da Giwa. Talakan da ba ya iya ɗaga murya gaban hakimi da rana, da dare yana jin yadda ƙaramin ƙwaro ya mai da sarkin dawa wawa. Amma tsofaffi ba su bar Gizo ya ci bulus ba: sau da yawa haɗamarsa ke kai shi ga duka, ya gudu ya maƙale a bango. Yaro yana koyon cewa wayo na fid da mutum, yana kuma ganin inda wayon ke ƙarewa.

Kura kuwa ita ce mai ƙarfin da ba ta da hankali. Kakata ta ce tana yarinya kukan kura ba labari ba ne, ana jin sa bayan gari, ana tsare garke da ƙaya saboda ita. Yau ɗan Buza in ya ga kura, to a hannun gardi ya gan ta da takunkumi, ko a waya. Daji ya zama gona, fari ya ci itace, mafarauta da guba sun ƙarasa sauran. Raƙumin dawa da ya taɓa yawo a faɗin Sahel ya koma saura kamar 50 a wajen Kure a 1996, kafin a farfaɗo da shi har aka mai da takwas Gadabeji a 2018. Gatana ta zama kamar rajistar dabbobin da ƙasar nan ta taɓa sani.

Sai dai rajistar tana da baƙi. Kowa ya san yadda Gizo ya ba Giwa bakin igiya ya ba Dorina ɗaya bakin, kowace tana zaton da Gizo take ja. Ina dorina a Keita? Wannan ya nuna gatana matafiyiya ce. Ta bi fatake zuwa Gwanja sayen goro, ta bi almajirai, ta bi amaren da aka kai wani gari, ta bi ƴan ci-rani, kuma kun san Adarawa da tafiya, daga Kano har Abijan. A ƙasar Asante ma gizo ne gwanin wayo, Ananse suke ce masa, kuma bayin da aka kwashe sun kai shi har Jamaika. A Senegal zomo ne ke riƙe da wannan matsayi.

Abin da ya rage mata ƙarfi

Lakwal ta zo da nata dabbobin. Iyayenmu sun karanta Mamadou et Bineta, sun haddace waƙoƙin La Fontaine na hankaka da dila, wasu sun karanta labarin zomo Leuk da Senghor da Abdoulaye Sadji suka buga a 1953. A lokaci guda ana rataya wa yaro sambol in ya yi Hausa a aji. Dilan Faransa yana da maki a jarrabawa, Dilan kakarka yana jawo maka bulala. A Najeriya abin ya bi wata hanya: Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗauko labaru daga Larabawa da Indiya da Turai ya sa musu rigar Hausa, sannan a 1971 Ibrahim Yaro Yahaya ya fara fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni don makarantu. Mu nan ƙoƙari bai rasa ba. Boubou Hama ya buga juzu'an gatana da almara na Nijar a shekarun 1970, an kafa cibiyar adana maganar baka a Yamai a 1968 wadda ta zama CELHTO, an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Amma kaɗan daga wannan ya iso hannun yaron ƙauye.

Rayuwar dare ma ta sauya. Yadin kanti ya kashe kaɗi, to zaman kaɗi ya tafi da rabin gatana. Bayan farin 1973 da na 1984 aiki ya ƙaru a kan mata. An fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska a Majiya a 1975, aikin raya karkara na Keita ya fara a 1984 da taimakon Italiya da FAO, kuma mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar dutse da haƙa ramukan tare ruwa, don maza sun tafi ci-rani. Aikin ya dawo da itace a kan tudun da ya mutu, amma matar da ta wuni tana jidar dutse barci take nema da dare. Sai rediyo, sai finafinan Kano da na Indiya, sai waya. Abin dariya, intanet ɗin da ya karɓe daren yara, da sunan Gizo muke kiransa: yanar gizo.

Akwai masu cewa gara haka. Wani abokina mai karatun addini ya ce gatana ƙarya ce kuma tana cusa wa yaro tsoron abin da babu. Na ce masa mai gatana da bakinta take shelar cewa ƙarya ce a ƙarshe, ba ta yaudari kowa ba. Amma ban ce duk abin da ke ciki alheri ba ne. Akwai gatanan da ke yi wa makaho da kuturu dariya, akwai masu mai da bawa ko baƙon ƙabila wawa, akwai masu koya wa yarinya cewa kishiya maƙiyiya ce tun kafin ta san aure. Waɗannan ma tarihi ne, mu rubuta su yadda suke, ko da ba za mu faɗa wa ƙannenmu su ba.

Abin da ya same ni, da abin da nake roƙo

Hutun bara na je gida da niyyar ɗaukar muryar kakata. Da na fito da waya ta dube ni ta ce: "Kai maigida, gemu ya hito maka, mi kaka yi da gatana? Tahi ka yi aure in samu kishiya." Na lallashe ta da goro. Ta ce sai dare, kuma sai an tara yara, don ita ba ta gatana ga bango. Dare shida muka yi, na ɗauki goma sha ɗaya. Abin da na gani shi ne yaran da ake cewa waya ta lalata su sun yi tsit, ɗiyar yayata har ta shige zanen uwarta da Dodo ya iso ƙofar gida. Da Auta ya tsaga cikin, ita ta fi kowa tsalle.

Na dawo makaranta na ce zan kwafe su a takarda in na samu sarari. Huɗu kawai na kwafa. Katin wayar ya lalace da damina, kakata kuma Allah ya yi mata rasuwa bayan Babbar Salla. Allah ya jiƙanta. Bakwai sun tafi ke nan, sai guntayen da nake tunawa, kuma sakacina ne.

Don haka ga roƙona ga duk wanda wannan ɗan littafi ya shiga hannunsa, ɗan Madawa ne ko Bangi, Buza ko Karofane, Keita ko Tamaske ko Ibohaman. In kun je hutu ku nemi tsohuwar gidanku. Ku nemi izininta. Ku bari ta yi da dare gaban yara, don da su take yi. Ku kwafe a kaye tun washegari, kada ku dogara ga waya. Ku rubuta da bakin da ta yi magana, in ta ce shina kada ku mai da shi yana, in ta ce munka tahi ku bar shi haka, don bakin Adar ma abin adanawa ne. Ku sa sunan gari da shekara, da sunanta in ta yarda, ku tambaye ta wurin wa ta ji, kuma a wane gari aka haifi wannan ɗin. Da wannan tambaya ta ƙarshe kaɗai za ku iya bin labari baya shekara ɗari, ku ga ta wace hanya ya shigo. In mun tara ko da hamsin daga gundumomin nan uku, za mu iya jera su mu ga inda Dodo ke zama a tabki da inda yake zama a dutse, inda Auta ke ceto da inda amarya ke ceton kanta.

Huɗun da na tsira da su na ba masu haɗa wannan littafi, za su fito a na gaba in an samu kuɗin fotokofi. Kwafi ɗaya kuma zan kai wa Mushe da hannuna, da sunan garinmu da shekarar da aka ɗauka a saman shafi.